Neman shawara: ina so danna F5 kaɗai ya kwafe mini lissafi a taminal

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nake riƙe wa Bappana lissafin shagonsa a Tudun Hatsi, nan Gombe. Buhunan masara da wake da gero da suka shigo, waɗanda suka fita, da bashin da muke bin mutane, duk suna cikin wata tsohuwar laftof HP da na sa wa Ubuntu. Kullum kafin magariba nakan buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in rubuta wannan don komai ya koma filash:

rsync -av ~/lissafi/ /media/shago/AJIYA/

Ni hannuna ya saba. Amma duk ranar da na bi mota zuwa Kumo ko Dukku sayen kaya, ƙanina ne ke zama, kuma da ya tsallake harafi ɗaya ya ga injin ya yi ƙorafi sai ya rufe ya tafi. Makon jiya kwana uku ba a yi ajiya ba, ga batirin ya mutu, ana ɗauke wuta injin ke mutuwa. Dukiyar mutane ce, abin ya tsaya mini a rai.

So nake ya danna F5 kawai. Na gwada bind, umarnin da ke ɗaura wa maɓalli aiki, na rubuta bind '"F5":"rsync ..."' bai yi ba. Wasu maɓallan saman ma sauti suke ragewa ko hasken fuska, in kuma na haɗa Fn da F5 sai alamar ~ ta fito. Ina na kuskure?

Mai gyaran kwamfuta, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Batun sauti da haske daga laftof ɗin ne, ba daga Ubuntu ba. Kana kunna ta ka riƙa danna F10 har ka shiga BIOS, ka nemo Action Keys Mode ka kashe. Daga nan F5 zai yi aikinsa ba sai da Fn ba. Sauran na bar wa Adda, Malamarmu mai koyar da kwamfuta.

Malama mai koyar da kwamfuta, Tunfure:
Ƙanina, ba ka yi nisa da hanya ba. Abin da ka rubuta ya gaya wa bash, manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, cewa in an buga babban harafin F sannan lamba 5, ya yi aikin. Shi bash bai san wani abu wai shi F5 ba. Idan ka danna maɓallin, taminal jerin alamomi yake aikawa, kuma wancan ~ da kake gani wutsiyar jerin ce da ta rage bayan bash ya haɗiye farkonsa bai gane ba.

Ka gani da idonka: danna Ctrl da V tare, ka saki, sannan F5. A taminal ɗin Ubuntu za ka ga ^[[15~. Wannan ^[ na farko shi ne Escape, kuma a cikin bind \e ake rubuta shi. Saboda haka:

bind '"\e[15~":"\C-e\C-ursync -av ~/lissafi/ /media/shago/AJIYA/\n"'

\C-e\C-u na share duk abin da aka fara bugawa a layin, don kada umarninka ya manne da guntun wani rubutu. \n na ƙarshe shi ne Enter.

Kada ka ƙirga lambobin da ka, domin ba a jere suke ba. F5 15 ne, amma F6 17, F7 18, F8 19, F9 20, F10 21, sai kuma a yi tsalle F11 23, F12 24. F1 zuwa F4 ma wani salo ne daban, \eOP zuwa \eOS. In ka fita zuwa baƙin allo na Ctrl+Alt+F3, can F5 ^[[[E yake aikawa. Ɗalibaina sun sha kwafo lamba daga intanet ta ƙi aiki saboda wannan, shi ya sa nake cewa kowa ya tambayi injinsa da Ctrl+V. Ka kuma bar F1 da F10 da F11, taminal ɗin na iya riƙe su don taimako da menu da cika fuska.

Ɗalibi, Pantami:
Hamma, ni da alias zan yi, wato gajeren suna da ake laƙaba wa dogon umarni. Ka sa alias ajiye='rsync ...' a ~/.bashrc, fayil ɗin da bash ke karantawa duk lokacin da aka buɗe taminal, ƙaninka ya rubuta ajiye, shi ke nan, kuma ko wane taminal zai karɓa.

Mai kula da sabar ofis, Bauchi:
Alias ɗin ma daidai ne, amma tunda maɓalli yake so, abu biyu zan ƙara wa bayanin Malama. Layin bind da ka buga da hannu yana ɓacewa da ka rufe taminal. Ka buɗe ~/.bashrc ka liƙa shi a ƙasa, sannan ka rubuta source ~/.bashrc.

Na biyun ya fi damuna. Don Allah kada wata rana ka ƙara --delete a wannan layin ka bar \n ɗin. --delete na goge duk abin da ke filash wanda babu shi a laftof. Ranar da yaro ya share fayil bisa kuskure ya danna F5, ajiyar ma ta tafi. Na taɓa ganin hakan da idona, aikin wata guda ya salwanta. Duk umarnin da ke iya gogewa, cire \n, ya tsaya a layi mutum ya karanta kafin ya danna Enter.

Malama mai koyar da kwamfuta, Tunfure:
Gaskiya ne Malam. Umarnin da mai tambaya ya kawo yanzu ba ya goge abin da ke filash, amma yana maye tsohon fayil da sabo. In lissafin yau ya lalace, lalataccen ne zai hau kan mai kyau. Ƙanina, ka samu filash na biyu da za ka riƙa kwafa duk Juma'a ka ajiye a gida.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi, ya yi. Ctrl+V ya nuna mini ^[[15~ kamar yadda Adda ta ce, na sa a .bashrc, na rufe na sake buɗewa, yana nan. Na kira ƙanina ya danna da kansa, sunayen fayiloli suka zubo. Na manna 'yar farar takarda a kan F5 na rubuta AJIYA. Filash na biyu gobe in sha Allahu zan saya. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi.