Wai da gaske tsofaffin kaya na yin irin wannan kuɗin?

Maman Hanifa: Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya. Jiya yarona ya nuna min bidiyon shirin talabijin ɗin nan Antiques Roadshow na Amurka, inda masana ke ƙiyasta kuɗin tsofaffin kayan da mutane suka kawo, wani tsohon soja ya kawo agogon Rolex da ya saya a 1974 kan dala 345 da 'yan canji, ana ce masa zai yi dala dubu 400 bawan Allah ya zube ƙasa, ashe ma ba a gama ba, ƙarshe dubu 500 zuwa 700 aka yanke. Tun jiya na kasa sukuni, don bara da za mu tashi daga Tudun Wada ni da hannuna na ba ɗan gwangwan keken ɗinkin marigayiya Hajiyarmu da dutsen gugarta na gawayi. Wai dukiya na zubar?

Baban Khalifa: Hajiya kwantar da hankalinki. Ƙiyasi ne suke yi ba kuɗi a hannu ba, shirin ba ya sayen komai. Kuma agogon nan ba tsufa ne ya ba shi daraja ba, irinsa ne ba yawa, mutumin kusan bai taɓa ɗaura shi ba ya ajiye a banki, ga kwalinsa ga rasit ga takardun garanti duk suna nan. Keken ɗinki kuwa miliyoyi aka ƙera, ki leƙa Kasuwar Barci ki gani.

Ummi_KD: Su kansu suna kuskure fa. Akwai wani tulu mai fuskoki da suka ce zai kai dala dubu 50, daga baya aka gano wata 'yar sakandare ce ta gina shi wajen 1973, dole suka sauko da shi dubu 3 zuwa 5.

Malam Sani: Ni abin da ke min ciwo namu na gida ne. Gumakan yumɓu na Nok nan Jaba cikin jiharmu ta Kaduna, sun haura shekara 2000, tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da su, amma an yi ta tonowa a ɓoye ana sayar wa dillalai da arha suna ƙarewa a Turai. Doka ta hana fitar da irinsu waje. Yaya in akwai sauran wani abu kar ki ba masu yawo gida-gida suna cigiyar kwabo mai huji, ki kai gidan tarihi na titin Ali Akilu su duba miki.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Akwai tasoshin tagulla na kakarmu guda uku a ƙarƙashin gado, yau zan ciro su. In sa toka da lemon tsami in goge kafin in kai?

Baban Khalifa: A'a kar ki goge! Wannan duhun da suka yi shi masana ke dubawa, ki kaɗe ƙura kawai ki naɗe su a tsohon zani.