Tsatsa a jikin silindar masu nutso: abin da aka yi ittifaƙi a kai

Masu nutso a teku sun tattauna yadda ake magance tsatsa a jikin silindar iska ta ƙarfe, wato tukunyar iskar da suke shaƙa a ƙarƙashin ruwa, kuma kusan bakinsu ya zo ɗaya: tsatsa ba ta farawa inda ido ke gani. Maɓoyarta ƙarƙashin takalmin roba ne da ake sa wa gindin silinda. Ruwan gishiri ya shige can ya kwanta, sai ranar da ka zare robar ka tarar da jan zobe ya zagaye gindin, fenti ya kumbura yana ɓantarewa. Don haka bayan kowane nutso a cire takalmin, a wanke da ruwan daɗi, a bari ta bushe ƙarau.

Idan tsatsar ta sama-sama ce, a goge da burushin waya a hankali, a share, a shafa fenti mai tutiya. Kada a kankare ƙarfen da inji, kada kuma a gasa silinda don fenti ya kama, domin zafi mai yawa na raunana ƙarfe. Wannan gargaɗin ne ya fi tsaya mini a rai, ganin irin matsin iskar da mutum ke goyawa a bayansa.

An ɗan yi saɓani kan sake fentin silinda gaba ɗaya. Wasu na ganin fenti na ɓoye ɓarna. Amma in tsatsa ta yi rami, kowa ya ce a kai wa ƙwararre. Ana duba silinda duk shekara, a Amurka kuma ana gwajin matsin ruwa duk shekara 5, wato a cika silinda da ruwa a matsa don a ga ƙarfinta.