Kare na ya ci paya, akwai haɗari?

Maman Sadiya, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku taimaka, jiya na sayo paya, wato avocado, a kasuwar Kejetia nan Kumasi, ɗiyata ta kwaɓa wannan abu na 'yan Meziko, gwakamoli, da albasa da tafarnuwa da gishiri, sai karen gadin gidanmu ya lashe abin da ya rage a kwano, hankalina bai kwanta ba tun jiya.

Alhaji na Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Naman payan kansa kaɗan bai cika cutar da kare ba. Akwai wani guba a bishiyar, sunansa persin, ya fi yawa a ganye, amma awaki da zomaye da tsuntsaye ya fi kamawa. Ni awakina ba na barinsu kusa da ganyen sam.

Anti Nas:
Yaya, albasar da tafarnuwar su ne abin tsoro, ba payan ba. Suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma ba nan take ake gani ba, sai bayan kwana 2 ko fiye, za ki ga ya yi laushi, dadashinsa ya koɗe, fitsari ya yi duhu. Kar ki jira sai kin ga haka, ki kira likitan dabbobi yau ki gaya masa yawan abin da ya ci da girman karen.

Ɗan Alabar:
Mama ƙwallon fa, ya haɗiye? Yana iya toshe hanji har sai an yi tiyata. Man payan ma in ya yi yawa yana kawo amai da gudawa.

Maman Sadiya, Aboabo:
Ƙwallon na nan a bola, na duba. Na gode, yanzu zan kira likitan.