"Kana taka, Allah na tasa": jaje ne ko faɗa?

Ɗan Dawanau: Salamu alaikum. Da kakar 2024 na zuba jarina kaf a masara na kulle a sito, don lissafina ya nuna mini kafin damina za ta yi tashin da ta yi a shekarar baya. Sai farashi ya karye, na sayar da asara. Da na kai kuka wurin kawuna, abin da ya ce kawai shi ne, "Kana taka, Allah na tasa." Har yau ban gane ba, jaje ya yi mini ko faɗa?

Baba Manomi: Duka biyun ne, ɗana. Mu da ke shukar binne mun san maganar nan. Ka zuba iri a busasshiyar ƙasa kana jiran ruwan farko, sai a yi yayyafin da bai kai ya kawo ba, iri ya tsira, rana ta ƙone shi. Idan maƙwabci ya faɗa maka, jaje ne. Idan wanda ya hana ka tun farko ne ya faɗa, to ka san sauran.

Mai Nazarin Harshe: Ku lura da "taka", ba "naka" ba. An ɓoye kalma ta mace a ciki, dabara ko shawara. Ba aikinka ake zargi ba, dabarar da ka ɗauka ta ishe ka.

Saurayin Zamani: Ni fa maganar nan ta fara gundurata. Ɗalibi ya ƙi karatu ya faɗi jarrabawa, kana taka Allah na tasa. Direba ya ƙi duba birki, haka. Ba Hausawan ne suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka ba?

Malamin Islamiyya: Gaskiyarka, amma karin maganar ba ta ce ka bar taka ba. Ta ce KANA taka. Wanda bai yi komai ba ai bai shigo cikinta ba ma. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Inda matsalar take, dubi yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira. Musulmi wajen 12,000 suka fita, alhali a Badar ɗari uku da 'yan kai ne. Yawan ya burge su, sai ga shi da farko an tarwatsa su. Suratut Tauba, aya ta 25, ta faɗi haka ƙarara: yawanku bai amfane ku da komai ba. Shiri sun yi, ba a zarge su a kan shirin ba. Alhaji, ka yi istihara kafin ka saya?

Ɗan Dawanau: Allah gafarta Malam, ko shawara ban yi ba. Gani nake shekara goma sha ina kasuwar nan, wa zai koya mini masara.

Hajiyar Gida: Malam, tunda ka taɓo istihara, a gyara mana. Mu mata an mai da ita wani abu daban. A kai wa wani sunan saurayi da kuɗin goro, ya kwana ya yi mafarki, da safe ya ce ya ga fari ko ya ga baƙi. An fasa auren ƙanwata a kan haka.

Malamin Islamiyya: Hajiya, wannan ya fi kusa da duba. A hadisin Jabir da Buhari ya ruwaito, mai buƙata ne da kansa zai yi nafila raka'a biyu ya roƙa, kuma ba a sharɗanta mafarki ba. Farkon addu'ar ma shi ne amsar tambayar Alhaji: ina neman zaɓinka da saninka, ina neman iko da ikonka, domin Kai kana iyawa ni ba na iyawa, Ka sani ni ban sani ba.

Saurayin Zamani: To da ya yi istiharar kuma ya yi asara fa?

Malamin Islamiyya: Yana iya faruwa. Ba riba ake roƙo ba, alheri ake roƙo a addini da rayuwa da ƙarshen al'amari.

Hajiyar Gida: Kada ka ji haushina Alhaji, amma lokacin da kake jiran masara ta tashi, mu muna nan muna alƙunutu ta sauko.

Ɗan Dawanau: Hajiya ashe ku ne! To bana wake nake tunani. Malam, a rubuto mini addu'ar da wasulla, Larabcina sai a hankali.