Muhawara: Shin Abin da Ya Faru a Lambar Rimi Hujja Ce Cewa Wutar Iska Ba Ta Dace da Kaduna Ba?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: Assalamu alaikum. Ban goyi bayan shawarar da wasu daga cikinmu suka kawo ba, cewa Jihar Kaduna ta nemi masu zuba jari su kafa babbar tashar lantarki ta iska, tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu. Hujjata tana nan kusa, a Lambar Rimi ta Jihar Katsina. Tashar lantarki ta iska ce ta megawat 10 kacal, mai injuna 37, wadda aka faro maganarta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, amma ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba. Wanda ƙaramin aiki ya gagare shi, da wane ƙarfi zai ɗauki babba?

Injiniyar lantarki, Barnawa: Wa'alaikumus salam, Baba. Tarihin da ka kawo gaskiya ne, sai dai ba iska ce ta tsayar da aikin Rimi ba. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin Vergnet na Faransa da ke aikin, aiki ya tsaya, kayan da aka riga aka kafa suka yi ta zama a rana da ruwa ana lalata wasu. Ga tashar lantarki ta Kudenda a nan gida, mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009 kuma ta daɗe ba ta ba da wuta ba, alhali ba ta da alaƙa da iska ko kaɗan. Ciwon na tsaro ne da riƙon kwangila. Ban da haka, kowane injin Rimi kilowat 275 yake bayarwa (kilowat 1,000 ne megawat ɗaya), na zamani kuwa guda ɗaya yana kai megawat 4 zuwa 6, wato biyu daga cikinsu za su iya yin aikin duka 37 ɗin.

Malamin jami'a, Zariya: Injiniya, na yarda da ke a kan Rimi, amma kin tsallake tambayar da ta fi nauyi: ina iskar? Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau takwas, saboda haka ɗan bambanci tsakanin tudu da kwari shi ne bambanci tsakanin riba da asara. Wuraren da aka sani da iska a Arewa su ne tsaunukan Jos da sassan Katsina, Sakkwato da Kano. Filayen Kaduna ba sa cikin na gaba, ko da yake duwatsun Kagoro, da ke gefen tudun Jos, sun cancanci a bincika su. Babu bankin da zai ba da rance sai an kafa hasumiyar awo, an auna iska aƙalla wata 12 a tsayin da farfela za ta riƙa juyawa.

'Yar kasuwa, Unguwar Sarki: Malam, to iskar hunturu da ke ɗauke mana rumfuna fa, ba ta isa ba?

Malamin jami'a, Zariya: Hajiya, ta hunturu 'yan watanni take yi, tashar kuwa bashin shekaru za ta biya, don haka matsakaicin gudun iska na shekara baki ɗaya ake dubawa. Amfaninta ɗaya da ba zan musa ba shi ne tana zuwa da rani, lokacin da ruwa ba ya shiga madatsar Shiroro mai samar da lantarki kamar da damina, don haka iska da ruwa za su iya karɓa-karɓa.

Injiniyar lantarki, Barnawa: Wannan batu na Malam shi ya sa ban fid da rai ba. Amma bari in ƙara wa Baba makami, don kada a ce ina ɓoye laifin abin da nake so. A Kenya, tashar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310 da injuna 365 ta kammalu a 2017, amma ta zauna fiye da shekara ba ta sayar da wuta ba, saboda layin dakon wuta mai tsawon fiye da kilomita 400 bai iso ba, kuma gwamnati ta biya diyyar jinkirin. A 2021 kuma kotu ta soke takardun mallakar filin, bayan ƙarar da al'ummomin makiyaya na yankin suka shigar. Mu ma sai mun tambayi kanmu wane layi zai kawo wutar zuwa tashar rarraba wuta ta Mando, wa zai saye ta ya biya a kan lokaci, da kuma ta wace hanya farfela mai tsawon fiye da mita 60 za ta taso daga tashar jiragen ruwa ta iso Kudancin Kaduna.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: 'Yata, maganar fili ita ta fi tayar mini da hankali, domin kin san yadda rikicin gona da burtali ya ci rayuka a jihar nan.

Injiniyar lantarki, Barnawa: Haka ne, Baba. Gindin injin da hanyar zuwa gare shi kaɗai ke cin ƙasa, sauran filin ana noma da kiwo a kansa, kamar yadda manoma ke yi a Taiba Ndiaye ta Senigal, inda injuna 46 ke ba da kusan megawat 158. Amma wajibi ne a rubuta kuɗin hayar da kowane mai gona zai riƙa karɓa kafin a zuba kankare.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: Na janye cewa Rimi ta yanke hukunci a kan iska, amma ban janye adawata da sa hannu a kan kowace kwangila yanzu ba. A kafa hasumiyar awo a Kagoro, a buga sakamakon kowa ya gani, sannan mu dawo kan maganar.

Malamin jami'a, Zariya: A kafa biyu, Baba, ɗaya a Kagoro ɗaya a arewacin jihar wajen iyakar Katsina, don a sami abin kwatantawa.