Neman kalmar Hausa: me za mu kira "konsantireshan" a darasin sinadarai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da ma'aikatan jinya. Taimakonku nake nema a kan kalma guda. Duk mai shirin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya sai ya bi ta kan kimiyyar sinadarai, kuma a cikinta da wuya a yi shafi biyu ba a ci karo da konsantireshan ba. Yana cikin lissafin mol, wato ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari, yana cikin darasin asid, yana cikin bayanin yadda ruwa ke shiga ƙwayar jini ya fita. Amma da an zo yin bayaninsa da Hausa sai kowa ya cafki kalmar da ta fara zuwa bakinsa. Wannan ya ce kauri, wancan ya ce ƙarfi, wani ya ce yawa. Idan ɗalibi ya nemi agajin manhajar fassara, ba mamaki ta ce masa "mayar da hankali", abin da ko kusa bai shafi sinadarai ba.

Ga abin da kalmar ke nufi, don mu san abin da muke raɗa wa suna: adadin abin da ya narke a cikin ƙayyadadden ma'auni na ruwan haɗin. Ledar ƙarin ruwa da aka rubuta wa 0.9% tana ɗauke da giram 0.9 na gishiri a kowace mililita 100, wato giram 9 a lita guda. Wadda aka rubuta wa 5% ta gulukos kuwa giram 50 ne a lita. Wannan dangantakar ta "nawa a cikin nawa" ita ce nake so mu samar wa suna guda, mu tsaya a kansa.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam. Malam, ni dai kauri nake amfani da shi, kuma yara suna ganewa nan take. Kowa ya san idan aka yi ta narka abu a ruwa, ruwan yakan yi kauri. Ga shi kishiyarsa a shirye take: a ce an tsinka shi.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Saurin ganewar nan shi ne abin da ke ba ni tsoro, domin abin da yaro ya gane shi ne abu mai danƙo, mai nawar zuba. Wannan kuwa wata siffa ce ta daban, tana da nata babin. Gilisarin yana da kauri sosai alhali ba a narka komai a cikinsa ba. Asid ɗin haidirokulorik da ake sayar wa ɗakunan gwaji, mai kusan kashi 37 cikin 100, zuba yake yi kusan kamar ruwa, ga shi kuwa kimanin mol 12 ne a lita. Wani lokaci abubuwan biyu kan zo tare, kamar a asid ɗin salfiyurik mai kashi 98, wanda ke malala kamar mai, shi ya sa kunne ke yarda da kauri. Amma kalmar da ke yin daidai yau ta kuskure gobe ba za mu ɗora lissafin magani a kanta ba.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ku ɗauki ƙaramar kwalbar allurar fotashiyam kuloraid mai 15%. Mililita 10 ce kawai, amma milimol 20 ne na fotashiyam a ciki, wato milimol 2 a kowace mililita (milimol 1000 ne mol guda). Ka ɗaga ta ka duba a haske, garau take, ba ka bambance ta da ruwan haɗa allura sai ka karanta rubutun jikinta. Ka zuƙe ta a sirinji, ba ta yi maka wata turjiya. Fotashiyam ɗin da ke jinin mutum kuwa bai wuce milimol 3.5 zuwa 5 a lita ba. A lita fa, ba a mililita ba. Idan aka tura wannan kwalbar kai-tsaye a jijiya tana iya tsayar da zuciya, don haka dole a juye ta cikin ledar ruwa, a jujjuya sosai, a bar ta tana ɗiga a hankali. Yarinyar da aka koya wa cewa abu mai haɗari shi ne mai kauri, idonta ba zai gargaɗe ta a nan ba.

Mu dai a bakin aiki ƙarfi muke cewa. "Wane ƙarfi likita ya rubuta?" Adiranalin akwai mai 1:1000, miligiram 1 a mililita, akwai mai 1:10,000, miligiram 0.1 a mililita. Sai mu ce na farkon ya fi ƙarfi sau goma. Me zai hana a bar shi haka?

Mai tambaya: Sista, a gefen gadon majinyaci ba ni da ja, kowa ya san abin da kike nufi. A zauren jarrabawa ne ƙarfi ke kayar da ɗalibi, domin kalmar tana da mai ita tuntuni. Darasin asid ya raba su gida biyu, mai ƙarfi da rarrauna, kuma rabon bai dogara da yawan asid ɗin da ke cikin ruwa ba. Tun daga aikin Svante Arrhenius, masanin ƙasar Suwidin, a shekarun 1880, aka fahimci cewa asid idan ya shiga ruwa yakan rabu zuwa ayon, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki, ya saki haidirojin. Mai ƙarfi shi ne wanda kusan dukkan ƙwayoyinsa ke rabuwa. Rarrauna kuwa kaɗan ne daga cikinsu ke rabuwa, sauran su zauna a haɗe.

Ku auna mol 0.1 na haidirokulorik a lita, ku auna mol 0.1 na asid ɗin asetik a lita. Adadin ƙwayoyin da kuka zuba ɗaya ne, ma'aunin ruwan ɗaya ne, saboda haka konsantireshan ɗinsu ɗaya ne. Amma a pH, ma'aunin da ke sauka gwargwadon yawan haidirojin da aka saki, na farkon 1 ne, na biyun kuwa kusan 2.9, domin a asetik ƙwaya ɗaya da ɗoriya ce kawai cikin 100 ta saki haidirojinta. Tun da kowane taki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, tazarar ta haura ninki 70. To idan muka kira konsantireshan ƙarfi, yaya za mu faɗi wannan da Hausa? "Ƙarfinsu ɗaya ne amma ɗaya ya fi ƙarfi"? Masu tsara tambayoyi sun san wannan ramin sarai. Za su kawo asetik tsantsa, wanda ya kai mol 17 a lita, su ce wane irin asid ne, kuma amsar ita ce rarrauna, ko da yake yana ƙona fata. Su kawo haidirokulorik da aka cika wa ruwa, amsar ita ce mai ƙarfi. Wanda kalma ɗaya ke yi wa aikin biyu a ka, a nan zai zubar da makinsa.

Ɗaliba: Malam, don Allah, yawa fa? Yawan gishiri a ruwa.

Mai tambaya: 'Yata, kin kusa, amma an bar rabin maganar a baya. Ɗebi mililita 5 a sirinji daga ledar 0.9% mai lita guda. Gishirin da ke sirinjin giram 0.045 ne, na cikakkiyar ledar giram 9. Yawansu ya sha bamban ƙwarai, amma dukansu 0.9% ne. Yawa yana amsa "nawa ne?", shi kuwa abin da muke nema yana amsa "nawa ne a cikin wane fili?"

To ga tawa shawarar, ku auna ta: cunkoso.

Ɗalibai 60 a ƙaramin aji cunkoso ne. Su ɗin dai 60 a babban zaure, kowa na sakewa. Ba a rage kowa ba, fili aka ƙara. Bahaushe idan ya ce cunkoso, ya riga ya haɗa adadi da fili a zuciyarsa ba tare da an koya masa ba, kuma wannan shi ne ainihin ma'anar: mol a sama, lita a ƙasa. Mol ɗin kansa ƙidaya ce, ƙwayoyi 6.022 × 10²³, saboda haka mol a lita na nufin ƙwaya kaza a fili kaza. Gishiri nauyin mol ɗinsa giram 58.5 ne, sodiyam 23, kulorin 35.5. Raba giram 9 da 58.5, ka sami mol 0.154. Cunkoson gishiri a ledar nan milimol 154 ne a lita. Ku faɗe ta da baki ku ji ko ta zauna.

Abin da ya fi jan hankalina gare ta shi ne yadda take yin rabin bayanin da kanta a darasin da ke gaba. Me ya sa iskar oksijin ke ratsawa daga huhu zuwa jini? Domin ƙwayoyi kan bar inda ake cunkoso su nufi inda ake da sarari. Me ya sa jar ƙwayar jini ke kumbura har ta fashe idan aka sa ta a ruwa zalla? Domin cunkoson narkakkun abubuwa a cikinta ya fi na waje, fatarta kuma tana barin ruwa ya wuce ta tare mafi yawan sauran, sai ruwa ya yi ta kwarara ciki. A ruwan gishiri mai 3% akasin haka ke faruwa, ruwan cikinta ya fice ta yamutse. A 0.9% kuwa cunkoson ciki da na waje sun yi kusan kunnen doki, shi ya sa aka zaɓe shi don ƙarin ruwa. Gwada faɗin wannan da kauri ko da ƙarfi, sai ka ƙara jimla uku kafin a gane.

Malamin Hausa: Malam, kalmar ta yi daɗin kunne, amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, cunkoso a Hausa abu ne da ya riga ya wuce kima. Ba a cewa wuri yana da ɗan cunkoso idan mutum biyu ne a ciki. Yaya za ka yi da ruwan da ɗigon gishiri kawai ke ciki? Na biyu, na taɓa jin masu koyar da fiziks suna kiran dansiti da cunkoso. Kada mu gudu daga karo da ƙarfi mu faɗa karo da wannan.

Mai tambaya: Allah ya ƙara basira, Malam, ƙorafi ne masu nauyi. Na farkon, Hausa ta saba da wannan hanyar. Muna cewa zafin ƙanƙara digiri sifili ne, muna auna tsawon gajere, muna faɗin nauyin jariri bakwaini. Idan siffa ta zama abin awo, sunan ɓangaren sama ne ke ɗaukar ma'aunin gaba ɗaya. Saboda haka "cunkoson sodiyam a jininsa ya yi ƙasa, bai kai milimol 135 a lita ba" ba ta saɓa wa ɗabi'ar harshen ba. Baƙunta ce kawai, kuma baƙunta na wucewa da amfani.

Na biyun ya fi wuya. Dansiti nauyin abu ne gaba ɗayansa a kan filin da ya ci: ruwa zalla giram 1 ne a mililita, ko da babu komai narke a ciki. Mafitar da nake gani ita ce mu kafa ƙa'ida: kada a taɓa faɗin cunkoso shi kaɗai, sai an bi shi da sunan abin da ya narke. Cunkoson gishiri, cunkoson gulukos, cunkoson haidirojin. Wannan ma gyara ne ga ɗalibi, domin tambayar "na me?" ita ce farkon kowane lissafi a wannan babin. Dansiti a bar masa sunansa na aro, ya riga ya zauna a bakin ɗalibai.

Malamin Hausa: Da wannan sharaɗin na yarda. Siffar ma tana fita ba wahala: cunkusasshen asid. Kishiyar kuma kada ku je nesa, ga sirka nan. Mai sirka ruwa ba ya cire komai daga ciki, ƙari yake yi har abin ya sassauto. Sirkakken asid, sirkawa. Ta fi tsinkawa, wadda ke tafiya da kauri.

Ma'aikaciyar jinya: Sirka kam ta yi, ita muke faɗa wa masu jinya dama. Sharaɗina guda: a koya wa yara kalmar Hausar tare da ta Turancin da alamominta, %, mg/ml, mmol/L, domin takardar jarrabawa da jikin kwalba ba da Hausa za su zo ba. Kuma a gefen gado ba na alkawarin daina cewa ƙarfi.

Mai tambaya: Sista, wannan haƙƙinki ne, aji kawai nake roƙo. Abin da muka tsayar ke nan: cunkoso tare da sunan abin da ya narke, cunkusasshe da sirkakke, ƙarfi da rauni kuma a bar wa rabuwar asid. 'Yata, ga gwaji da sababbin kalmomin. Kina da haidirokulorik mai cunkoson mol 2 a lita. Ana so ki sirka shi ki sami mililita 200 mai cunkoson mol 0.5 a lita. Nawa za ki ɗiba? Kuma bayan sirkawar, mai ƙarfi ne ko rarrauna?

Ɗaliba: Tun da sirkawa ba ta rage ƙwayoyin ba, cunkoson farko sau ma'aunin farko daidai yake da cunkoson ƙarshe sau ma'aunin ƙarshe. 0.5 sau 200 ya ba da 100, a raba da 2, mililita 50 ke nan. Zan fara zuba ruwa a kwalbar awo, in zuba asid ɗin a kansa a hankali, ba ruwa a kan asid ba, sannan in cika zuwa layin 200. Kuma har yanzu mai ƙarfi ne, Malam, sirkakke dai.