Abin da muka tattauna kan haɗa faranti da narkakkiyar roba

Jiya da yamma a Samaru mun daɗe muna magana kan matsalar nan ta farantin roba mai zaren gilas da ake zuba wa narkakkiyar roba a kai, sai a ga haɗin ya ɓalle. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya tafi a kan zafi. In fuskar farantin bata narke ba, robar da aka zuba kwanciya kawai za ta yi, sarƙoƙin ƙwayoyin robobin biyu ba za su shiga juna ba. Robar da ake kira Nailan 6 sai wajen digiri 220 take narkewa, wadda ake kira PP (polypropylene) kuma wajen 165, don haka a gasa farantin tukuna kuma a kai shi injin zuba robar da sauri, balle lokacin hunturu, kafin ka juya ya huce wallahi.

Wani malaminmu ya ja kunne kan jinsi, nailan a kan nailan, PP a kan PP, in ka cakuɗa su ba sa kamawa sai da sinadarin haɗi. Nailan kuma yana shan danshi, a busar da shi a digiri 80 kafin aiki, ni wannan na fi ɗauka da muhimmanci don na ga kumfar da ke fitowa a bakin haɗin. Maiƙon hannu ma a goge shi.